"An Hana Shi Tun Yana Goye": Shin Hanin Abinci Hukuncin Rai da Rai Ne?

Gabatarwa

Da wuya mutum ya shiga gida mai yara da yawa bai ji an nuna ɗaya an ce, "Wannan ba ya cin ƙwai," ko kuma, "Kada ku ba ta madara, ba ta karɓe ta ba." Idan ka tambayi dalili, sai a ce ai tun yana goye aka ba shi ya yi ta amai, ko jikinsa ya ɓarke da borin jini, daga ranar aka yanke masa. Yau yaron ya shekara tara, wataƙila ma ya shiga sakandare, amma hanin yana nan daram, ba wanda ya sake waiwayarsa. A wani gidan kuma akasin haka ake yi. Yaro zai ci gyaɗa leɓensa ya kumbura, sai a ce tsirfa ce kawai, a ci gaba da ɗura masa har ya saba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne gidajen nan biyu duk sun kauce hanya. Yara da yawa suna rabuwa da matsalar abinci yayin da suke girma, har da waɗanda tasu ta yi tsanani, saboda haka bai kamata hani ya zama hukuncin rai da rai ba. Amma kuma ba a gaban murhu ake ɗage hanin ba, a gaban likita ake ɗage shi. Duk abincin da aka hana yaro, ya kamata a san sunan matsalar, a kuma sa ranar da za a sake duba ta.

Ba Duk "Bai Karɓe Shi Ba" Ne Ɗaya Ba

Tushen ruɗanin yana cikin bakinmu. Da jimla ɗaya muke rufe cututtuka daban-daban, mu ce abinci bai karɓi yaro ba, alhali aƙalla abubuwa uku ne, kowane da hanyarsa da kuma makomarsa.

Na farko shi ne abin da likitoci ke kira aleji, wanda zan kira borin abinci a nan. Garkuwar jiki ce take kuskure, ta ɗauki furotin ɗin da ke cikin ƙwai ko madara ko gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta haɗa masa makami na musamman da ake kira IgE. Duk ranar da abincin ya sake shiga, sai wasu ƙwayoyin jiki su saki sinadarin histamin da 'yan uwansa. Cikin 'yan mintuna, ko kafin awa biyu, sai ka ga borin jini, kumburin leɓe da ido, amai, wani lokaci har da toshewar numfashi. Ɗan kaɗan ya isa ya ta da shi, kuma shi ne mai iya kisa nan take.

Na biyu shi ne gazawar narkar da abinci, kuma babban misalinsa madara ce. A cikin madara akwai sukari mai suna laktos, hanji kuma yana da sinadarin laktes mai narkar da shi. Idan laktes ya yi ƙaranci, sukarin ya wuce babban hanji ba a narke ba, sai kumburin ciki da ƙugi da tusa da gudawa su biyo baya. Abin yana da takura, amma ba ruwan garkuwar jiki a ciki, kuma yawan abin da aka sha ne ke jawo shi. Shi ya sa wanda kofin madara ke wahalarwa yakan sha nono ko kindirmo lafiya, domin tsami ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Na uku ita ce cutar siliyak, inda sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yake sa garkuwar jiki ta riƙa lalata bangon hanji a hankali. Yaro ya riƙa ramewa, ciki ya yi tulu, jini ya yi ƙaranci, girma ya tsaya.

Wanda bai rarrabe waɗannan uku ba, ba zai san wanne ake jira ya wuce ba, wanne kuma ake zama da shi.

Waɗanne Ne Suke Wucewa?

A ɓangaren borin abinci, masana sun daɗe da lura cewa na madara da ƙwai da alkama da waken suya sun fi saurin rabuwa da yaro, su kuwa na gyaɗa da kashu da riɗi da kifi da jatan lande sun fi naci.

A shekarar 2007, likitocin Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar yara fiye da 800 masu borin madarar shanu. Kashi 19 cikin 100 sun rabu da shi kafin shekara 4, kashi 42 kafin shekara 8, kashi 64 kafin shekara 12, kashi 79 kuma kafin shekara 16. A ɓangaren ƙwai, sun samu kashi 37 kafin shekara 10, da kashi 68 kafin shekara 16. Mai karatu ya lura, waɗannan yara ne da aka tura babban asibiti saboda tasu ta yi tsanani. A wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostireliya, inda aka bibiyi jarirai daga cikin gama-garin jama'a, aka buga sakamakonsa a 2022, kusan 9 cikin 10 na masu borin ƙwai sun warke kafin shekara 6. Amma a gyaɗa, kusan 3 cikin 10 ne kacal suka warke. Dangin kashu sun fi haka taurin kai, domin wajen 1 cikin 10 ne ke rabuwa da su.

Akwai kuma wani nau'in borin da ke kama jarirai ta hanji kawai, inda jariri zai yi ta kwarara amai awa ɗaya zuwa huɗu bayan ya sha madara ko wani kunu, har ya galabaita. Abin yana tayar da hankalin uwa ƙwarai, amma yawancin yara suna rabuwa da shi kafin su kai shekarun shiga firamare.

Gazawar narkar da madara kuwa tafiyarta a juye take. Kusan kowane jariri ana haihuwarsa da isasshen laktes, bayan yaye ne yake raguwa, har ta kai wajen kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da laktos sosai. Wato wannan ba fita ake yi daga cikinta ba, shiga ake yi. A nan gida Nijeriya ma an yi bincike a kai. A 1971, Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da abokan aikinsu, sun nuna cewa yawancin manyan Yarabawa da Ibo ba sa narkar da laktos, amma yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girma. Gado ne, ba ragwanta ba. Sai dai akwai ta wucin gadi: idan gudawa mai tsanani ta kama jariri, bangon hanjinsa kan ƙuje, laktes ya ragu na 'yan makonni, sannan ya dawo. Sau da yawa a irin wannan lokaci ne ake yanke wa yaro madara, hanji ya warke tun tuni, hani kuma ya zauna shekara da shekaru.

Siliyak ita kaɗai ce babu batun jira a kanta. Ba a girme mata. Ko da alamunta sun lafa, ɓarnar tana ci gaba a ciki muddin ana cin alkama. Sauƙin da muke da shi shi ne gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu, don haka tuwonmu bai haramta ga mai ita ba, burodi da taliya da fanke ne zai bari.

Asarar Hanin da Ba a Waiwaya

Wani zai ce, to mene ne laifin ci gaba da hani, ai rigakafi ya fi magani? Na fahimci wannan tsoro. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma uwar da ta taɓa ganin fuskar ɗanta ta kumbura ba za a zarge ta ba. Amma hani ma yana da nasa farashin, kuma yaron ne ke biya.

Na farko, abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A gidan talaka, ƙwai da gyaɗa da awara da nono su ne naman yaro. Idan aka cire biyu daga ciki ba tare da an maye gurbinsu ba, me ya rage masa ban da tuwo da ruwan miya? Hatta abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara ake yin sa. Ga kuma tsohon camfin nan na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, wanda yake sa wasu iyaye su ji daɗin samun hujjar hanawa.

Na biyu, zaman jama'a. Yaron da aka raba wa kwano tun yana ƙarami yana tashi da fargabar abinci. A gidan biki a janye shi gefe, a makarantar kwana ya rasa abin ci ranar da aka dafa abin da aka hana shi. Idan matsalar tana nan, dole ne a jure wannan. Idan kuwa ta wuce tun yana aji biyu, an wahalar da shi a banza.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba mutane mamaki, ƙaurace wa abinci ba kullum yake zama kariya ba. A shekarar 2000, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta ba yaran da ake jin tsoron za su kamu gyaɗa har sai sun shekara 3. A 2008 ta janye shawarar. A wannan shekarar ce Farfesa Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa suka nuna cewa borin gyaɗa ya ninka wajen sau 10 a tsakanin yaran Yahudawa na Ingila idan aka kwatanta da na Isra'ila, inda ake ba jarirai wani abin taunawa na gyaɗa tun suna 'yan watanni. Daga nan suka gwada da jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, rabi aka riƙa ba su gyaɗa, rabi aka hana su. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa a shekara 5, wajen kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, su kuwa waɗanda aka ba, wajen kashi 3 ne kawai. Ashe kakanninmu da ke dama wa jariri kunun gyaɗa idan ya fara cin abinci ba su yi kuskure ba. Amma a kula, wannan magana ce ta rigakafi ga jaririn da bai kamu ba. Ba izini ba ne na ba wanda ya riga ya kamu.

Haɗarin "Bari Mu Gwada Mu Gani"

A nan ne nake rabuwa da mutanen gida na biyu. Sau da yawa ba uwa ce ke gwajin ba. Kaka ce, ko goggo, ko maƙwabciya, za ta ce, "Haba 'yar nan, a zamaninmu wa ya san wannan? Kawo shi nan." Ta lakato ƙuli-ƙuli ta sa masa a baki da kyakkyawar niyya. Matsalar ita ce, girman borin jiya ba ya nuna girman na gobe. Wanda ya tsaya a ƙaiƙayi bara, bana yana iya kaiwa ga maƙogwaro.

Mafi munin borin abinci shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksis. Alamunsa su ne kumburin harshe ko maƙogwaro, dashewar murya, numfashi da ƙyar ko da shesheƙa, tari ba ƙaƙƙautawa, jiri, ko yaro ya yi laushi ya sume. Manja ba ya maganinsa, madara ba ta yi, ƙwayar Piriton ma ƙaiƙayi kawai take kwantarwa. Maganinsa allurar adiranalin ce a tsokar cinya, kuma cikin gaggawa.

A watan Yulin 2016, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow. Akwai riɗi a cikin ƙullin burodin, amma ba a rubuta a jikin takardarsa ba. Borin ya kama ta a cikin jirgi kan hanyar zuwa Faransa, mahaifinta ya yi mata allurar adiranalin har biyu, duk da haka ta rasu. Rasuwarta ce ta jawo dokar da ta fara aiki a Birtaniya a watan Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe a shago don sayarwa. Idan haka ta faru a inda ake da allura a jaka, ina ga ƙauyen da asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda a kan babur? Mu kuma a nan babu takarda a jikin tsire, alhali da ƙuli-ƙuli ake haɗa yajinsa. Miyar taushe da gyaɗa ake yin ta, a kudu kuma da wuya ka sami miyar da ba a niƙa kirefish a ciki ba.

Yadda Ake Sanin Ya Wuce

Likita yana farawa ne da labari: me aka ci, nawa aka ci, bayan minti nawa abin ya fara, me aka gani a jiki, yaushe ne na ƙarshe. Daga nan yana iya yin gwajin fata, inda ake ɗiga ruwan abincin a hannu a ɗan tsaga fatar, ko gwajin jini mai auna yawan IgE. Idan adadin yana sauka shekara bayan shekara, alama ce mai kyau.

Sai dai gwajin jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci, musamman a yankinmu. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Ghana, aka buga a 2013, ya samu cewa wajen kashi 17 cikin 100 na yaran jininsu ya nuna alamar borin gyaɗa, amma waɗanda suka ce gyaɗa tana damunsu ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta wannan da cutar tsargiya, domin makamin da jiki ke haɗa wa tsutsarta yana kama wani abu da ke jikin gyaɗa a wurin gwaji. Saboda haka wanda ya kai ɗansa ɗakin gwaji da kansa, ya karɓo takarda, ya yanke masa abinci biyar, yana iya hana shi abin da bai taɓa cutar da shi ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na ci a gaban likita. A ranar da yaro yake da ƙoshin lafiya, ana ba shi ɗan mitsitsi daga abincin, a jira kamar minti 15 zuwa 30, a ƙara, a sake jira, har ya ci abin da yaro kan ci a zama ɗaya, sannan a sa masa ido na wasu awanni. Duk wannan ana yin sa ne da allurar adiranalin a kusa da wanda ya iya amfani da ita. Bambancinsa da gwajin kaka ke nan.

Akwai kuma matakala a tsakani. A 2008, likitocin asibitin Mount Sinai da ke New York sun nuna cewa wajen kashi 75 cikin 100 na yara masu borin madara suna iya cin madarar da aka gasa sosai a cikin kek, domin zafin tanda yana sauya siffar furotin ɗin. An samu kusan haka a ƙwai. Wannan ma likita ne zai ce a fara, domin sauran kashin suna iya yin bori mai tsanani. Haka kuma kada a ce za a guje wa madarar shanu a koma ta akuya, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Idan kuma yaro ya ci gwajin, sai abincin ya shiga cimarsa ta yau da kullum. An ga yaran da borin gyaɗa ya dawo musu saboda sun ci gaba da gudunta bayan an ce sun warke.

"Ina Muka Ga Irin Wannan Asibiti?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ban raina ta ba. Ƙwararrun likitocin bori ba su da yawa a ƙasar nan, gwajin jini yana da tsada, alƙalamin allurar nan da ake yawo da shi a jaka ma da wuyar samu. Amma rashin samun duka ba ya sa a bar wanda ake iya samu. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya suna da sashen yara, adiranalin ta kwalba kuma tana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata asibiti ya rasa ba. Rubuta abin da ya faru a littafi, da ɗaukar hoton kumburin da waya, ba sa cin ko kwabo, kuma su ne rabin aikin likita. Kuɗin zuwa asibiti sau ɗaya a shekara bai kai asarar shekara goma ba ƙwai ba, balle a kwatanta shi da rai.

Kammalawa

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu yayye ne a gida, wasu iyaye ne, wasu kuma gobe za su tsaya a gaban aji. Idan aka ce maka yaro ba ya cin wani abu, ka yi tambaya uku: me ya faru ranar da ya ci, wa ya tabbatar, yaushe aka duba na ƙarshe? Idan amsar ita ce kumburin ciki bayan kofin madara, a rage yawa, a gwada nono. Idan siliyak ce, a bar alkama har abada, a riƙe gero da dawa. Idan kuwa borin jini ne da kumburin fuska ko wahalar numfashi, a ci gaba da hani sosai, a sanar da malamai da dangi, a san asibiti mafi kusa, sannan a riƙa komawa wurin likita duk shekara a tambaye shi ko lokaci ya yi. Matambayi ba ya ɓata. Wani yaron za a ce ya ci gaba da haƙuri, wani kuma za a miƙa masa dafaffen ƙwai a gaban likita, ya cinye, ya koma gida lafiya. Allah ya raya mana su.